Shekarar da Makaho Ya Fito a Makaho

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Sai kuma garam!

Abin da na ji ke nan a wani dare na watan Nuwamba, ina kwance a ragar lilo da nake barci a ciki, ban daɗe da kashe rediyo ba. Ni mutum ne mai tara ƙara. Wasu suna tara hotuna, wasu tsofaffin kwalabe, ni kuwa ina da wani ɗan littafi da nake rubuta duk ƙarar da ban san mai ita ba. Akwai nishin da kogi yake yi kwana biyu kafin ya cika. Akwai wani tsuntsu a bayan maƙabarta da kukansa ya yi kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba. Amma wannan ƙarar ban taɓa jin irinta ba. Na ce a raina ko kada ne ya hauro yana neman kaji. Na ɗauki tocila na leƙa ta saman shinge.

Ba kada ba ne. Maƙwabcina ne Eustorgio, mai askin garinmu, wanda kowa yake kira Toyo. Shi ya riƙe 'yata ranar baftismarta, don haka kompa muke kiran juna shekara arba'in. Yana tsaye a tsakar gidansa da singileti, riƙe da wata sanda da ya zare daga tsintsiya, yana shafa goshinsa inda ya yi karo da katangar kwanon banɗaki.

"Kompa, tun yanzu ka fara gwajin wasa?" na ce. "Ai da sauran wata guda."

Ya juyo, amma ba daidai inda nake ba.

"Crisanto, tocila ce a hannunka?"

"Ita ce mana. Ga ta a fuskarka."

"To kashe ta, kada ka ƙona batir a banza. Ban ma san a kunne take ba."

Haka na sani. Ashe wata shida ke nan ganinsa yana tafiya a hankali, kamar ruwa a randar da ta tsage. Likitan birni ya ce jijiyar idon ce ta mutu, babu abin yi. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da aski da lalube, kuma abin mamaki, a watannin nan ne mutane suka fara cewa hannun Toyo ya ƙara taushi.

Ba aski ne ya hana shi barci ba, wasan ne.

Kowace shekara, ranar Lahadi ta biyu a Disamba, muna yin bikin Waliyyin Kogi, mutum-mutumin icen nan da kakanninmu masunta suka tsinta a cikin taru. Da safe a zaga gari da shi. Da la'asar a yi wasa a gaban coci, a kan dandamalin katako da ake ɗorawa bisa durom goma sha biyu. Wasan bai taɓa canzawa ba. Makaho mai bara ne yake fitowa, hannuwa a miƙe, ido a juye sama, baki a buɗe. Ya gai da turmi, ya rungumi buhun shinkafa yana kiran sunan matarsa, ya faɗi sau uku, jama'a suna ta dariya. Sai ni, daga bayan dandamali, in girgiza fallen kwano ya yi ƙarar aradu. Waliyyi ya fito da ƙwaryar ruwan kogi ya yayyafa masa a fuska, ido ya buɗe.

Daga nan sai abin da kowa yake jira, wanda muke kira ganin farko. Makahon da ya warke ya juyo ga masu kallo, ya riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da ya gani. "Na gan ka, wane, ashe tumbin nan naka ya riga ka shigowa!" Duk abin da gari ya yi gulmarsa a shekara, a ranar ake jin sa a fili, kuma ba mai yin fushi. Wanda ba a nuna ba ma shi ke komawa gida rai a ɓace.

Shekara talatin da ɗaya Toyo yana fitowa a makahon nan. Kafin shi mahaifinsa ne.

Labari ba ya kwana biyu a garinmu, kuma ba zan rantse ba daga bakina ya fita ba. Ranar Laraba sai ga Senyo Dioselina, wato Malama Dioselina, a shagon aski. Ita ce tsohuwar shugabar makarantar firamare, kuma ita ke riƙe da littafin wasan. Rabin mutanen gari sun sha rula a hannunta. Ni aji uku kawai na yi, tun kafin zamaninta, shi ya sa har yau nake iya kallon ta ido cikin ido.

Ta zauna a kujerar aski, ta ɗora jakarta a cinya.

"Eustorgio, Allah ya sani na yi kuka da na ji. Amma gaskiya ɗaya ce. Makaho ba zai iya fitowa a makaho ba."

"To wa zai iya, Senyo?"

"Mai ido mana! Dandamalin nan ya kai ƙirjin mutum. Sai kana ganin bakinsa za ka iya yin kamar ba ka gani. Ganin farko kuma fa? Wa za ka nuna? Bishiyar mangwaro?"

"Wa kike son ba wa?"

"Fulgencio na kemis ya ce zai gwada."

"Fulgencio!" Toyo ya ajiye almakashi da ƙarfi. "Mutumin da ko gaisuwa ya yi sai ka ji kamar yana karanta takardar magani? Senyo, ki kashe ni kawai ki huta."

Ta gyara jakarta a cinya. Daga baya ta ce saura mako uku a yi gwaji na ƙarshe. In ya haye dandamali ya dawo bai faɗo ƙasa ba, matsayin nasa ne. In ya faɗo, Fulgencio ne, kuma ba ta son jin wata magana.

Da ta fita na ce, "Kompa, akwai mutum ɗaya a garin nan da ta san aikin nan."

"Kada ka ce Ninya Telvina."

"Ita nake nufi."

"Shekara talatin ba ta amsa gaisuwata ba."

A garinmu Ninya ake kiran mace don girmamawa, namiji kuma Don. Ninya Telvina ta makance tana da shekara shida, bayan ƙyanda. Yanzu ta haura saba'in. Ita ke sayar da boyo, ƙullun masarar nan da take naɗewa a ɓawo ta dafa, kuma duk safiya takan zaga gari da baho a ka, ba ta taɓa shiga gidan da ba shi take nufi ba. Kowace shekara takan zo wurin wasan da kujerarta, saboda tana son gangunan, amma sai ta juya wa dandamali baya. Na daɗe da rubuta wannan a littafina, ko da yake ba ƙara ba ce.

Muka same ta a bayan gida tana ɓare masara.

"Barka da aiki, Ninya Telvina," na ce.

"Crisanto mai aradun kwano. Wa ke tare da kai yana jan ƙafa kamar an ɗaure masa dutse? A'a, bari. Man gashi da sabulun aski. Makahon gari ne da kansa ya zo gidana?"

"Ni ne, Ninya," Toyo ya ce da ƙaramar murya.

"An ce ka samu abin da ka daɗe kana kira."

"Na samu."

"To yaya? Ka rungumi buhun shinkafa yau? Ka gai da turmi?"

Ta jefa masara a baho.

"Shekara talatin da ɗaya kana hawa katako kana nuna wa mutane ni. Baki a buɗe kamar kifin da aka jefa a yashi. Yaushe ka taɓa ganin bakina a buɗe ba magana nake ba? Na haifi 'ya'ya biyar, na binne miji biyu, ban taɓa rungumar buhu na ce mijina ne ba. Ko da yake na biyun da kaɗan ya fi buhu."

Na yi dariya, ta ce in rufe mata baki. Sannan ta ce masa ya yi tafiya ta ji. Toyo ya miƙa hannuwa gaba, ya ɗaga haɓa sama, ya fara takawa, domin ita kaɗai ce tafiyar makafi da ya sani. Taku huɗu ya yi, ya shige cikin igiyar shanya.

"Sauke hannuwan nan!" ta daka masa tsawa. "Wa kake son kamawa? Cire takalmi. Ƙafa ce ke karatu, ba hannu ba."

Ta yarda ta koya masa, da sharaɗi ɗaya: in ya sake faɗuwa da gangan don a yi dariya, shi da boyonta har abada.

Mako ukun nan su ne mafi daɗi da na yi a tsufana. Kullum da hantsi, in ta gama talla, mukan tafi gaban coci inda aka riga aka kafa dandamali. Ta koya masa yadda bango yake mayar wa mutum da ƙarar takunsa tun kafin ya isa gare shi. Ta koya masa rana a kunci: in tana dama, kana fuskantar kogi. Ni ma nakan rufe ido in bi su, har wata rana na ji inuwar mangwaro ta sauka a kafaɗata kamar an yafa mini zane, na tsaya nan ina mamaki, sai da suka kira ni sau uku.

A kan dandamali kuwa katakan ya haddace. Guda goma sha tara ne. Na bakwai yana kuka in an taka shi. Na goma sha biyu yana da kulli a tsakiya. Na ƙarshe, wanda yake baki, kawunan ƙusoshinsa sun ɗan fito, tafin ƙafa yana jin su.

Sai kuma mutane. Ninya Telvina takan zaunar da shi a bakin kasuwa ta ce, "Wa ya wuce?"

"Ban sani ba."

"Ƙarya kake. Shekara nawa kana riƙe da kan mutumin nan? Shaƙa."

"Taba da man kwakwa. Kuma ƙafarsa ta hagu tana nauyi. Don Hermógenes ne!"

"To ka gani. Jakin banza, ashe kana da hanci."

Ranar gwaji na ƙarshe Toyo ya hau ba takalmi, hannu ɗaya riƙe da sanda, ɗayan a aljihu. Ya haye ya dawo sau uku, ya tsaya daidai kan ƙusoshin baki, ya rusuna. Fulgencio na kemis ya fi kowa tafi, don ashe tsoro ne ya cika shi tun farko. Senyo Dioselina ta cika alkawari. Sai dai ta yamutsa fuska.

"Na yarda. Amma Eustorgio, ko kaɗan ba ka yi kama da makaho ba."

Yanzu dole in faɗi laifinmu, kuma har da ni a ciki. Mutanen garinmu suna son Toyo, kuma so ne ya sa muka kusa hallaka shi. Ana gobe biki Senyo ta bi gida gida tana roƙon kowa ya yi shiru in Toyo ya hau, kada hayaniya ta rikita shi. Kowa ya ce wannan ai hankali ne. Ni ma na yi alkawarin rage aradu. Da safiyar biki kuma, lokacin da ake zagayen waliyyi, matan coci suka kwaso tabarmi da barguna suka shimfiɗe dandamalin kaf, don ko ya faɗi kada ya ji ciwo. Ba wanda ya tuna ya tambayi Ninya Telvina. Shi ma ba wanda ya gaya masa, don kada ya ji kunya.

La'asar ta yi. Fili ya cika, kowa da kujerarsa daga gida, masu soya ayaba suna gefe, ganguna suna tashi. Na riƙe hannun Toyo har saman matakala, na koma wurin kwanona. Daga nan ina hango shi ta tsakanin labule.

Ya saka ƙafa ɗaya. Ya tsaya. Ya saka ta biyu, yana murza tafinsa a kan bargo, yana neman tsagin katako. Babu. A daidai lokacin ganguna suka ɗauke, mutum ɗari uku suka yi tsit. Uwaye suka toshe bakin jarirai. Mai sayar da ƙanƙara ya riƙe ƙararrawarsa da hannu biyu. Ban taɓa jin shiru irin wannan a garinmu ba, ko ranar jana'iza.

Toyo ya juya kai dama, ya juya hagu. Ba katako a ƙarƙashinsa, ba mutum a gabansa. Ya yi taku biyu, kuma ba inda ya kamata ya nufa ba, wajen baki ya nufa. Sai na ga hannuwansa suna tashi a hankali suna miƙewa gaba, bakinsa yana buɗewa, kamar yadda ya yi shekara talatin da ɗaya, sai dai yau ba wasa ba ne.

Sai aka ji ƙarar kujera tana gurzar ƙasa. Ninya Telvina ce ta juyo da kujerarta.

"Wa ya mutu?" ta ce, da muryar da take talla da ita. "Ina tambaya, wa ya mutu? Kun taru kun ɓace wa bawan Allah! Ku yi tari mana! Ku yi gulma, ai kun iya! Kuma wace mai hikimar ce ta shimfiɗa bargo? Tun ɗazu ban ji takunsa ba. Toyo! Tsaya inda kake, jakin banza. Sauke hannu. Duƙa ka naɗe tsummokaran nan."

Wani ya yi tari. Wata ta fashe da dariya ta kasa tsayawa. Jarirai suka samu baki, duk suka saki kuka lokaci guda. Toyo ya duƙa ya laluba gefen bargo ya fara naɗewa, har ya iso katako. Ya taka. Katakon ya yi kuka.

"Na bakwai," ya ce, shi kaɗai, amma na ji shi.

Ya miƙe, ya saɓa naɗin bargo a kafaɗa kamar matafiyi, ya tako har kan ƙusoshin baki. Ya ja numfashi mai tsawo ta hanci. Ya kamata a nan ya gai da turmi. Maimakon haka sai ya ɗaga sanda ya nuna layi na biyu.

"Don Hermógenes! Na gan ka! An ce ka daina shan taba tun Ista. To wa ya ba rigarka ta sha?"

Fili ya ɗauki ihu. Matar Don Hermógenes ta kai masa duka da mafici.

"Maficin nan na san shi, na Ninya Zoila ne, haƙarƙarinsa ɗaya a karye. Ki bi shi a hankali, Ninya, ranar Asabar ni zan aske wurin. Fulgencio! Ina jin takalminka, sabo ne. Ka saya don hawa dandamali ko? Yi haƙuri, ka ajiye shi na ranar aure, in an samu wadda za ta iya sauraron ka. Fadan cocinmu, barka da hutawa. Ina jin ƙamshin soyayyar ayaba daga wajenka, ga shi ka ce mana kana azumi."

Fada ya ɗaga ayabar sama, jama'a suka yi ta tafi. Mutane suka fara miƙewa suna tari da gangan, suna kaɗa makullai, suna kiran "Ni fa, Toyo? Ni fa?" Wani masunci ya cire hularsa yana fifita warin kifi wajen dandamali don kada a manta da shi. Ni kuwa na manta da alkawarina, na girgiza kwano da duk ƙarfina, ba don lokacinsa ya yi ba, don daɗi kawai.

Jin aradu ya sa Evaristo ya fito. Evaristo mai burodi ne, gidansa yana kallon nawa, kuma shi ne waliyyi shekara ashirin. Ya fito da farar riga da gemun auduga, riƙe da ƙwaryar ruwa, ya tarar makaho ya riga ya yi nisa a ganin farko. Ya tsaya hannu a sama, yana waigen Senyo.

"Waliyyi, sannu da zuwa," Toyo ya ce. "Tun daga matakala na ji ƙamshin yis. Ruwa ne ka kawo? Allah ya biya ka, maƙogwarona ya bushe."

Ya karɓi ƙwaryar ya sha, ya mayar masa da sauran.

Sannan ya juya wajen kujerar da ke gefen dandamali.

"Senyo Dioselina, ina jin kina ta juya shafi. Kada ki wahala. Inda nake ba ya cikin littafin."

Kowa ya juya yana kallon ta a tsorace. Senyo ta dubi littafin, ta dubi Toyo. Ta rufe shi, ta zauna a kansa, ta cire tabarau tana share ido, kafaɗunta suna rawa don dariya. Masu ganga ba su jira umarni ba.

Da rana ta kusa faɗuwa muka taru a ƙofar shagon aski. Matata ta kawo tukunyar romon kifi da rogo, wani ya kawo kwalbar giyar rake. Ninya Telvina tana kan kujerar aski, ta ce ba za ta sauka ba, yau ita ce babbar baƙuwa.

"Yaya na yi, Ninya?" Toyo ya tambaye ta.

"Kana yawan jan ƙafar dama. Kuma ka manta da ni, ba ka nuna ni ba."

"Tsoro na ji."

"Ka kyauta wa kanka. Gobe boyo biyu zan kawo maka. Na biyun ba kyauta ba ne, kada ka sa rai."

Senyo Dioselina ta zo wucewa da littafin a hammata. Ta tsaya, ta ƙi zama.

"Eustorgio, badi ma kai ne. Amma ka jawo mini aiki, sai na sake rubuta rabin abin nan. Telvina, ranar Talata zan zo gidanki da biro."

"Ki zo da hannu biyu, akwai ɓarar masara."

Toyo ya sa kwano a cinya yana ci yana murmushi, yana cire ƙaya da yatsa ba tare da ya rasa ko ɗaya ba. Evaristo yana zaune a kan dakali, bai ko cire gemun auduga ba, ƙwaryar tana gefensa da sauran ruwa a ciki. Sai da aka zuba masa romo ya ɗago kai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To ni fa? Badi wa zan warkar?"

Matata ta miƙa masa cokali.